Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina, Daga Iyayen Yara Masu Ciwon Shanyewar Tsoka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, da 'yan rakiyarka, da iyayenmu masu unguwanni, da malamanmu, a madadin iyayen da ke zaune a nan ina yi muku barka da zuwa. Mun ga girmamawa, Allah Ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, a Kano idan aka ce keken guragu, kowa ya san mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, wanda 'yan'uwanmu da shan inna ya taɓa suke ƙerawa da kansu a wurin walda. Keken nan ya rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai mai shan inna hannunsa na da ƙarfi. Ciwon 'ya'yanmu kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗana yana shekara huɗu na lura sai ya dafa gwiwoyinsa kafin ya miƙe daga tabarma. Kafin ya kai goma sha biyu ƙafa ta daina ɗaukarsa. Yau moɗar ruwa ma nauyi take masa. Likitoci sun ce ciwon Dushen ne, na gado, kuma yara maza ya fi kamawa. Yaron da ba ya iya ɗaga moɗa, da wane hannu zai murza keke?

Shi ya sa muke roƙon keke mai batir, wanda ake tuƙawa da ɗan sanda a ƙarƙashin yatsu. Wata baiwar Allah ta ba ɗana irinsa, ya koma Islamiyya da kansa, babu mai goya shi. Amma batir biyu ne a cikinsa, suna buƙatar caji na sa'o'i, wuta kuma sai a kwana ba a gan ta ba. Idan ya lalace, makanikin da zai duba shi sai an sha yawo. Muna roƙon a haɗa kekunan da sola, a kuma horar da matasa gyaransu.

Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su yi gangaren shiga. Wa'adin ya cika, amma keken nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga shi a matattakala, kuma har yanzu matattakala muke tararwa.

Ranka ya daɗe, yaran suna rumfar can suna jiranka. Bismillah, mu ƙarasa ka gaisa da su.