Tsohon Yashi a Sabon Tankin Ruwan Gishiri: Wanne Za a Ɗauka, Wanne Za a Zubar?

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka daga Birnin Kebbi. Tankin gilashin da kuke gani a gabana ya shekara uku yana ɗauke da ruwan gishiri da kifayen teku huɗu da 'yan murjani masu rai (wasu ƙananan halittun teku ne da ke manne a jikin dutse), kuma ya yi musu kaɗan, shi ya sa na kawo wannan babban da ke gefensa, mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 50. Tambayarmu ta yau ita ce: yashin da ke shimfiɗe a gindin tsohon, a mayar da shi cikin sabon, ko a zubar a sayi wani?

Wanda bai san harkar ba zai yi dariya, domin yashi ba abin nema ba ne a ƙasar Kabi, daga Argungu har Yawuri tifa ce ke kwasarsa. Sai dai wannan ba yashin gulbi ba ne. Sunansa aragonait, sinadarinsa kalsiyam kabonet, dangin alli da farar ƙasa, irin abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi. Ku dubi abin da zai faru idan na ɗiga masa ruwan lemun tsami: ga shi yana kumfa yana tsartsatsi, alhali na gulbin da ke ɗaya cokalin ko motsi bai yi ba. Na gulbi kuma yakan zo da laka da ragowar takin fadamun shinkafa, waɗanda murjani ba ya jurewa. Aragonait daga ƙasashen waje ake shigo da shi, sannan ya hau mota daga Legas, kuma kaya ne mai nauyi. Idan ina son shimfiɗa mai kaurin santimita 3 a sabon tankin, lissafi ya ba ni lita 18, wato wajen kilo 25, don haka duk wanda ya yi tunanin tsimi a nan ba rowa ce ta kama shi ba.

Yanzu ku matso da idonku jikin gilashin tsohon tankin, inda kaurin yashin ya kai santimita 8. Za ku ga sama fari tas, tsakiya ya yi ruwan toka, can ƙasa kuma akwai baƙin zane kamar an goga gawayi. Santimita ɗaya zuwa biyu na sama su ne ruwa mai iskar oksijin ke ratsawa, kuma a nan ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zaune, waɗanda ke juya amoniyar da ke fita daga jikin kifi da ragowar abinci zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Ƙasa kuwa iska ba ta isa. Dattin shekara uku ya kwanta a can, wasu bakteriya da ba sa buƙatar oksijin suna cinsa, suna fitar da iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi, kuma ita ce ke haɗuwa da ƙarfen da ke cikin yashin ta bar wannan baƙin zanen. Muddin ba a taɓa shi ba, abin yana nan a binne. Ranar da aka sa hannu aka birkita shi, gubar ta fito, dattin ya tashi ya shanye oksijin ɗin ruwan, ƙananan halittun sama kuma suka koma ƙasa suka mutu suka zama sabuwar amoniya.

Wannan ba labarin ji ba ne a wurina. Lokacin da na fara sauya tanki, na kwashe yashin yadda yake na juye a sabon, ina ganin na ceto bakteriyata gaba ɗaya. Kafin la'asar ɗakin ya ɗauki wari, ruwan ya koma kamar tsarin gero, da asuba na tarar da kifaye biyu a kwance. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duwatsun da murjani ke kai suna ɗauke da bakteriyar da za ta riƙe tankin, matuƙar ba a bari sun bushe ba. Tsohon yashi ana mayar da shi ne a matsayin shimfiɗa, ba don rayuwar da ke cikinsa ba, ban da ɗan abin da za a yaɓe daga sama a matsayin iri.

Akwai yashin da ba ya karɓar wanki. Idan an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla a tsohon tankin, a zubar da yashin ba tare da shawara ba, domin aragonait yana shan tagulla ya riƙa sakinta a hankali, kuma kaɗan ɗinta ke kashe murjani da dodon koɗi. Haka batun fosfet yake, wato sinadarin da ke taruwa daga ragowar abinci da kashin kifi: yana manne wa jikin ƙwayar yashi ta yadda ruwan wanki ba ya cire shi, sai ya jira an zuba sabon ruwa mai tsabta sannan ya fara komawa ciki, ya zama takin gansakuka. Wanda tankinsa ya daɗe yana fama da gansakuka, ya jiƙa kofi ɗaya na wankakken yashin a sabon ruwan gishiri na kwana biyu, ya auna fosfet ɗin ruwan. Idan ya tashi sosai, kuɗin sabon yashi ya fi sauƙi a kan wahalar wata shida.

Idan yashin ya tsallake wannan, sai aiki, kuma tsarin gaba da baya shi ne komai. Tun jiya na haɗa sabon ruwa da tataccen ruwan na'ura da gishirin teku na tanki, ma'auni ya nuna ƙarfin gishirinsa 1.025, zafinsa kuma digiri 26. Kafin a taɓa yashi ko da yatsa, ana zuƙe ruwan sama mai haske da tiyo zuwa robobi, a kwashe murjani da duwatsu da kifi a saka a ciki, a jefa musu famfon iska. Mai batir ya fi, kun san halin wutarmu. A guji yin wannan aiki da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, domin ruwan roba yana saurin ɗumi, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Bayan nan a lalubo dodon koɗin da ya binne kansa, a yaɓe kofi biyu daga farin saman yashin, a ajiye su cikin tsohon ruwan gishiri. A sa safar hannu, saboda akwai tsutsotsi masu gashi da ke barin ƙaiƙayi kamar na sussukar gero.

Sauran yashin a fita da shi tsakar gida. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake rege shinkafa ya san wannan aikin, sai dai a nan yashin ake so, ba shi ake gudu ba. A zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, a cusa tiyo har gindi, a juya da hannu, a karkata a tsiyaye. Ruwan farko zai fito baƙi mai wari, na biyar ruwan ƙasa, kuma kada a gaji, domin sau da yawa sai an maimaita fiye da sau goma kafin a hango yatsu a ƙarƙashin ruwan. Ruwan famfo ko na burtsatse zai kashe duk abin da ke raye a ciki, kuma mun amince da hakan tun farko. Ɗauraya ta ƙarshe dai a yi ta da tataccen ruwa. Bokitin ya zama wanda bai taɓa ganin sabulu ko maganin feshi ba. Abin da na fi tsoro shi ne rabin wanki, wato a kashe halittun amma a bar gawarsu a ciki, ko a rufe jiƙaƙƙen yashi a bokiti ya kwana cikin zafi. Idan ba a ranar za a shimfiɗa shi ba, a baza shi a tsabtataccen buhu ya bushe a rana, a lulluɓe da yadi idan hunturu ne saboda ƙura.

A sabon tankin, duwatsu ne ke fara zama a kan gilashi, sannan a zuba yashi a kewaye su, domin dutsen da aka ɗora a kan yashi zai iya zamewa ranar da kifi ya yi tono a gindinsa. Nawa da ya tsira daga wanki bai wuce lita 10 ba, sai na cika da sabo. Ina ɗora faranti a kai, ruwan ya sauka a kansa don kada ya tono shimfiɗar, a ƙarshe kuma in barbaɗa kofi biyun nan a sama, ba tare da na binne su ba.

Ruwan zai yi hazo na kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne amoniya: a auna ta kullum har mako biyu, a rage abinci, a ajiye jarkar sabon ruwan gishiri a kusa, ta yadda da zarar ma'auni ya nuna ta, za a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan nan take. Cikin makonnin farko za ku ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe farin yashin. Ƙananan tsirran ruwa ne da ke zuwa bayan kowace sabuwar shimfiɗa, kuma galibi suna gushewa da kansu. Sabon kifi kuwa, ni ba zan saka ko ɗaya a wannan tankin ba sai bayan wata guda, kuma sai amoniya da naitirait sun tsaya a sifili.