Lacca: Kafin ku sayi mutum-mutumin ɗibar ruwa domin shirya samfuran DNA

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaji, assalamu alaikum. Kafin na'urar Illumina ta karanta DNA, sai an yanyanka shi gutsi-gutsi, an gyara bakunan, an manna adafta (gajerun guntayen DNA da na'urar ke gane gutsattsarin da su), an wanke, sannan a yi PCR, wato ninka DNA, domin kowane samfur ya samu lambar shaidarsa. Wannan ne muke kira shirya laburare. Mutum da hannu zai iya yin samfur 24 lafiya, amma idan aka kai faranti mai rami 96, gajiya kan sa ya zuba ruwa a ramin da ba shi ba. Nan mutum-mutumi ke shigowa.

Kada ku fara da tambayar farashi. Ku fara da wanki, domin a nan ake gane na'ura mai kyau.

Ƙwayoyin AMPure XP masu jin maganaɗisu, waɗanda ake wankin da su, suna kama DNA gwargwadon yawan da aka zuba. Ninki 1.8 na ruwan samfur yana riƙe har ƙananan gutsattsari, ninki 0.8 kuwa yana zubar da su, ciki har da adaftocin da suka manne da juna, masu tsawon harafin DNA kusan 120. Ke nan a ninki 0.8, idan samfur maikirolita 50 ne, ƙwayoyi maikirolita 40 ake so, kuma kuskuren uku ko huɗu ya isa ya sauya girman abin da ya rage. Ga shi ruwan ƙwayoyin yana da kauri. Na'urar da ta zuƙa da sauri, iska za ta ja, ruwa kuma ya maƙale a jikin tsinken zuƙa. Ku tambayi mai sayarwa ko ana iya rage gudun zuƙa, a kuma sa ta ɗan dakata kafin ta ɗago.

Bayan wanki da etanol mai ƙarfin kashi 80, ku leƙa ƙasan rami. Dunƙulen ƙwayoyin ya kamata ya dushe, ya daina sheƙi. Idan ya tsage kamar ƙasar fadama da rani, ya bushe fiye da kima, DNA zai ƙi sakuwa. Idan kuma etanol ya rage, zai hana inzayim ɗin mataki na gaba aiki. A lokacin hunturu iskarmu busasshiya ce, saboda haka mintunan shanyawa da aka rubuta a wata ƙasa sai kun gwada su a ɗakinku.

Game da na'urorin: Hamilton STAR, Biomek i7 da Tecan Fluent na masu aiki da yawa ne, suna ɗibar rami 96 lokaci guda. Opentrons ya fi sauƙin kuɗi, ana rubuta masa umarni da harshen kwamfuta na Python, ko kuma a tsara su a manhajarsa ba tare da rubuta lambobin kwamfuta ba. Echo da sauti yake harba ɗigo ba tare da tsinke ba, yana rage kashe sinadari, amma ba ya wankin ƙwayoyi.

Tsinken zuƙa ne ke cin kuɗi a hankali. Kowane samfur yana son sabo a kusan kowane mataki, mai matata, don kada DNA ɗin wani ya shiga na wani, kuma galibi na kamfanin kaɗai ke shiga. Ku ƙirga akwati nawa faranti guda zai cinye, da watannin da oda ke ɗauka kafin ta iso. Ku haɗa da inbata mai batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar manna adafta na iya lalata samfur 96 gaba ɗaya. Kafin ku biya, ku sa a gwada na'urar da kayan haɗin da kuke amfani da su, ku auna sakamakon da Qubit (mai auna yawan DNA) da TapeStation (mai auna girman gutsattsari), musamman ramukan gefen faranti inda ruwa ya fi saurin ƙafewa.