Kashi 7 Cikin 100: Lacca Kan Makarantar da Aka Sallami Malamanta Kaf

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai, da ɗaliban da na hango sun cika benci na baya, barkanmu da war haka. Na baya kuna jina? To madalla. Idan lasifikar ta sake yin gardama ku ɗaga hannu.

An ce in yi magana a kan sakamakon jarrabawa da abin da yake faɗa game da makaranta. Abu uku zan kawo, in sha Allahu: labarin wata makaranta, sai abin da ke cikin lambar da aka yanke mata hukunci da ita, sai kuma abin da ya biyo baya.

Makarantar tana Amurka, a jihar Rhode Island, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a jihohinsu hamsin. Garin sunansa Central Falls. Ɗan mitsitsin gari ne, faɗinsa ya ɗan ɗara mil ɗaya murabba'i, mutanensa a lokacin wajen dubu 19, kuma yana cikin mafi talauci a jihar. Har ma a 2011 hukumar garin ta je kotu ta ce ta tsiyace. E, a Amurka. Kada ku ga ana ta rububin biza ku zaci kowa a can yana kwana a kan dala. (Dariya.) Mafi yawan mutanen garin baƙin haure ne da 'ya'yansu, daga irin su Kolombiya da Gwatamala, a gida Sifaniyanci suke yi. Babbar sakandaren gwamnati guda ɗaya ce a garin.

Tun Janairun 2002 Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a wata doka da ta tilasta wa kowace jiha ta riƙa yi wa yara jarrabawar bai-ɗaya a karatu da lissafi, a kuma buga sakamakon kowace makaranta kowa ya gani. Dokar ta ce zuwa 2014 kowane yaro, ɗari bisa ɗari, sai ya kai matakin ƙwarewa. Ɗari bisa ɗari! Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa gaban aji ranar Litinin da safe ba.

To, a jarrabawar jiha ta 2009, 'yan aji 11 na Central Falls, wato kamar 'yan SS2 a wajenmu, kashi 7 cikin 100 ne kawai suka kai ƙwarewa a lissafi. Waɗanda suke kammala makarantar a kan lokaci kuma ba su kai rabi ba, kashi 48 ne. Sai gwamnatin jiha ta sa ta a jerin makarantun da suka fi lalacewa. Shugabar ilimi ta garin, Frances Gallo, ta kira ƙungiyar malamai ta gindaya sharuɗɗa: a ƙara minti 25 a kan lokacin tashi, malamai su riƙa yi wa yara darasin ƙari, su ci abincin rana tare da ɗalibai sau ɗaya a mako, su yi horon mako biyu a dogon hutu, a tsaurara duba aikinsu. Aka zo maganar kuɗi. Ita ta ce dala 30 a awa kan wani sashe na ƙarin aikin, ƙungiya ta ce dala 90. Ciniki ya watse. A watan Fabrairun 2010 hukumar makaranta ta zauna ta sallami mutum 93, har da shugaban makarantar. A bainar jama'a aka yi. Ana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira sai ya miƙe tsaye, wasu suna hawaye, ga ɗalibansu da iyayen yara suna kallo. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Obama da kansa ya ambaci lamarin a jawabi, ya nanata kashi 7 ɗin nan, ya nuna dole a samu mai ɗaukar alhaki.

Yanzu na biyu, kuma nan nake so ku ba ni aron hankalinku, don ba anan gizo ke saƙa ba sai a cikin lambar. Kashi 7. Kashi 7 na me? Na su wa? Yaushe aka auna?

Yaushe tukuna. A lokacin, a watan Oktoba ake yin jarrabawar, farkon zangon aji 11. Sakandarensu daga aji 9 take farawa. Ku lissafa da ni, malaman lissafi kada ku ba ni kunya: aji 9, aji 10, sai wata ɗaya da ɗoriya. Shekara biyu ke nan yaron ya yi a hannun waɗannan malamai. Kafin nan fa? Shekara takwas yana wasu hannaye. Lissafi kuwa kun sani, gini ne. Yaron da bai iya ɓangare ba a firamare, wanda in ka ce masa rabi da kwata nawa ne sai ya hau kallon silin, shi ne aka miƙo maka ka koya masa aljabara. Malama, na ga kina gyaɗa kai, ke ma kina da irinsu a ajinki ko? Kowa yana da su. Takardar sakamako ba ta da gurbin da za a rubuta cewa wannan yaro da ya zo mana yana matakin 'yan aji biyar ne, mun ɗaga shi zuwa na takwas. Abin da za ta ce kawai, bai kai ba. Wanda ya hau matakala uku bai kai ba, wanda bai motsa ba ko taku ɗaya shi ma bai kai ba, duk layi ɗaya aka jera su.

Su wa kuma? Garin matalauta masu haya, yara suna shiga suna fita a tsakiyar shekara, iyaye suna bin inda aiki yake. Wani yaron bai daɗe da sauka ƙasar ba, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, aka ajiye masa tambayar lissafi mai dogon labari da Turanci. In ya faɗi, lissafin ne ya kayar da shi ko harshen? Mu nan ai ba sai an yi mana bayani ba. Sau nawa ka ga yaro ya daskare a kan tambaya, ka juya masa ita da Hausa, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa? Sau nawa? Yaron da ke tsaron shagon babansa a kasuwa, yana ba da canji ba ya kuskuren sisi, shi ne ke cin sifili a takarda.

Sannan, kashi 7 idan aka gwada da me? Wannan jarrabawa, wadda a lokacin Rhode Island ke yi tare da jihohin New Hampshire da Vermont, lissafinta na aji 11 mai tsauri ne ƙwarai. A duk faɗin jihar, har da unguwannin masu hali, waɗanda suka kai ƙwarewa a shekarar ko ɗaya bisa uku ba su kai ba. Ban ce 7 abin alfahari ba ne, a'a, kada wani ya fita ya ce ga malam yana kare lalaci. Bakwai abin kunya ne. Amma wanda ya ji 7 zai auna ta da 100, alhali jihar baki ɗaya ma ba ta kai 33 ba. Kuma ga abin da jawabai ba su cika ɗauka ba: waɗannan yara dai, a wannan makaranta dai, kashi 55 cikinsu sun kai ƙwarewa a karatu, kuma adadin yana ta hawa a shekarun. Malamin Turancin da ya yi wannan ƙoƙari shi ma an karanto sunansa ya miƙe tsaye.

Manoma biyu ne, ɗaya an ba shi fadama, ɗaya an ba shi jigawa, da kaka aka zo ƙirga dami. Na jigawa zai iya kasancewa shi ya fi iya noma, shi ya fi zuba taki da gumi, amma ƙirgar dami ba za ta nuna ba. Zai kuma iya kasancewa rago ne ya fake da jigawa. Ƙirgar dami wannan ma ba za ta nuna ba. Shi ya sa nake cewa, ina kuma maimaitawa, sakamakon shekara ɗaya yana gaya maka inda yara suke, ba ya gaya maka daga ina makaranta ta ɗauko su.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. To, na uku, ko na huɗu ne yanzu? Ku dai riƙe lissafin. A watan Mayun 2010 aka yi sulhu, aka mayar da malaman bakin aiki bayan sun karɓi sharuɗɗan da suka yi kama da na farko. Shekarar da ta biyo baya ta yi ɗaci, malamai suna yawan fashi, wasu suka ajiye aiki. Cikin 'yan shekaru masu kammalawa suka haura zuwa wajen kashi 70, lissafi kuwa bai yi wani tsallen kirki ba. Ita ma dokar Bush a Disambar 2015 aka maye gurbinta da wata, ba tare da an ga ɗari bisa ɗarin ba. Na so in taɓo yadda ake auna ci gaban yaro daga shekara zuwa shekara, amma akwai hannu a sama. Bismillah, ranka ya daɗe.

(Wani shugaban makaranta ya yi tambaya: idan ba a tsare malamai da sakamako ba, da me za a tsare su? Ya ce shi ma da sakamakon WAEC da NECO ake tsare shi.)

Allah ya ƙara girma, tambaya ta yi. Ban ce a jefar da sakamako ba. Ba don jarrabawar ba, da wa zai san halin da yaran Central Falls ke ciki? 'Ya'yan talakawa ne, ba su da mai magana. Abin da nake tsoro shi ne ranar da aka rataya abincin mutum a kan lamba guda. Ku duba Atlanta, a jihar Georgia. A 2011 binciken gwamnatin jiha ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi. Bayan yara sun tashi, manya suke zama da abin goge fensir suna gyara amsoshi. A 2015 kotu ta samu 11 daga cikinsu da laifi, wasu aka yanke musu ɗauri. Mu ma mun san cibiyoyin da ake kai yara don kiredit biyar har da Turanci da lissafi su fito ko ta halin ƙaƙa, mun kuma san makarantar da ke hana raunanan ɗalibai rajista da sunanta don kada su ɓata mata allon talla.

Don haka, ranka ya daɗe, idan kana son tsare malaminka, yi wa yara gwaji makon da suka shigo SS1, ka kulle takardun a durowa. Ƙarshen shekara ka sake yi, ka ɗora biyun gefe da gefe, yaro da yaro, ba jimilla ba. Ka shiga ajinsa ba tare da sanarwa ba, ka buɗe littattafan yara ka ga ko ana duba su da jan biro. In mutanen ma'aikata sun zo da tasu takardar, kai ma ka fito da taka. Malama a can gefe tana da tambaya, amma an ce sai bayan sallar la'asar. To, mu je mu dawo.