Majami'ar Kolon: ginin da har yau magina ba su gama da shi ba

Jama'a, barkanmu da yamma. Na gode wa shugaban zama, na gode muku da kuka yi haƙurin jira. Yau zan yi magana a kan gini guda ɗaya tak, babbar majami'ar Katolika ta birnin Kolon a ƙasar Jamus, a bakin kogin Rayin. Na zaɓe ta ne saboda a wurinta ba a iya raba tarihin gini da tarihin gyara.

Da farko, ba girma ne ke mai da coci babbar majami'a ba. Kujerar bishop ce. Inda kujerar take, nan ne uwar majami'un yankin. Kolon tana da babban bishop tun zamanin da, tana kuma da tsohuwar majami'arta. Abin da ya canza lamarin ya faru ne a 1164, lokacin da babban bishop Rainald von Dassel ya kawo daga birnin Milan na Italiya wasu ƙasusuwa da Kiristoci suka yarda na masanan taurarin nan ne da suka zo daga gabas gaida jariri Yesu. Aka ƙera musu akwati na zinariya da azurfa, masu ziyarar ibada suka yi ta kwararowa, tsohon gini ya yi kaɗan. Ranar 15 ga Agusta 1248 babban bishop Konrad von Hochstaden ya aza harsashin sabo. Sarkin maginan farko sunansa Gerhard, kuma ya ɗauko salon da ake yayi a arewacin Faransa, irin na majami'ar Amiens: bango siriri, tagogi dogaye, nauyin rufi a kan ginshiƙan da ke tokare da ginin daga waje.

A 1322 aka keɓe ɓangaren gabas, inda bagade, wato teburin ibada, yake, aka fara ibada a ciki. Wato shekara 74 kafin a gama kashi ɗaya. Gerhard bai ga wannan ranar ba. Aka ci gaba a hankali, hasumiyar kudu ta tashi ta tsaya a rabin hanya, sannan a ƙarni na 16 aiki ya tsaya cak. Kuɗi sun janye, masu ziyara sun ragu, salon ma an daina sha'awarsa. Injin katako na ɗaga duwatsu da aka kafa a kan hasumiyar kudu ya zauna a wurin kusan shekara 400, har ya zama alamar birnin. Matafiyi in ya hango shi daga kogi ya san ya iso Kolon. Sai a 1868 aka sauke shi. Bayan sojojin Faransa sun shiga birnin a 1794 har rumbun ajiya aka mai da majami'ar.

Yanzu ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Maginan farko sun bar zanen fuskar ginin a kan fata, tsawonsa mita 4, ya ɓace ya rabu biyu. An tsinci rabi a birnin Darmstadt na Jamus a 1814, aka gano ɗayan rabin a Faris a 1816. Mutanen ƙarni na 19 suka ɗauki zanen mutanen da suka rasu ɗaruruwan shekaru kafin su, suka ce wannan za mu bi. A 1842 sarkin Prusiya, ƙasar da ke mulkin Kolon a lokacin, Friedrich Wilhelm na huɗu, wanda shi ba ɗan Katolika ba ne, ya aza dutsen ci gaba da aiki. A wannan shekarar ƙungiyar 'yan gari masu tara kuɗin ginin ta kama aiki, kuma tana nan har gobe. Ranar 15 ga Oktoba 1880 aka yi bikin kammalawa, shekara 632 bayan harsashi. Hasumiyoyin biyu sun kai mita 157, babu ginin da ya fi su tsawo a duniya sai da aka gama hasumiyar Washinton a 1884.

Na ce kammalawa domin haka littattafai ke cewa. Amma ba a daɗe da watsewar biki ba duwatsu suka fara zuba. Abin da ya faru shi ne, ba dutse iri ɗaya aka yi ginin da shi ba. Maginan farko sun fasa nasu daga tsaunin Drachenfels, suka sauko da shi ta kogi. Na ƙarni na 19 sun sayo daga wurare da dama, har da wani dutsen yashi daga Schlaitdorf. A mahaƙa yana da kyau. Amma babbar tashar jirgin ƙasa tana manne da majami'ar, a lokacin jirage na ƙona kwal dare da rana, gidaje da masana'antu ma haka. Hayaƙin kwal na ɗauke da farar wuta, in ya haɗu da ruwan sama sai ya zama ruwa mai tsami, ya shiga dutsen ya narkar da abin da ke riƙe ƙwayoyin yashinsa. Sai ka ga fure da aka sassaƙa da hannu yana marmashewa kamar busasshiyar ƙasa. Ƙari a kan haka, an ɗaure duwatsu da maƙalai na ƙarfe. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta tsaga dutsen daga ciki. Sanyin hunturu ya daskarar da ruwan da ke cikin tsagar, ya ƙara buɗa ta. Ga kashin tattabaru. Ni a ganina babban abokin gaban kowane gini irin wannan ruwa ne, shi ya sa mai duba indararo da magudanan rufi yake da daraja ɗaya da mai sassaƙa gumakan waliyyai.

Yaƙin duniya na biyu zan wuce shi da sauri. An ruguza kusan duk tsakiyar birnin, manyan bama-bamai 14 suka sami majami'ar, wasu ɓangarorin rufi suka rufta, amma ta tsaya. Tsofaffin tagogin gilashi an riga an cire su an ɓoye. A 1943 bam ya ɓalle wani ginshiƙi a ƙasan hasumiyar arewa, aka yi maza aka cike gurbin da jan bulo don kada hasumiyar ta zube. Facin nan ya zauna a fili shekara 60. An yi muhawara, wasu na cewa a bar shi ya zama tunatarwa, daga baya aka lulluɓe shi da dutse. Da an tambaye ni, da na ce a bar shi a gani.

To wa ke wannan aiki? Majami'ar tana da ma'aikatar maginanta na dindindin a gefenta, mutum kusan 100: masu sassaƙar dutse, maƙera, kafintoci, masu rufin dalma, masu gyaran gilashi, masu kafa ƙarafan hawa, da masu adana takardu. A kansu akwai sarkin magina. Mace ta farko da ta riƙe muƙamin ita ce Barbara Schock-Werner, daga 1999 zuwa 2012, kuma a zamaninta aka saka sabuwar tagar mai zane Gerhard Richter a 2007, mai ƙananan murabba'ai sama da 11,000 a launi 72, a gurbin wata da ba a cire ba, yaƙi ya fasa ta. Babban bishop na lokacin bai so ta ba, ya kuma faɗa a fili. Kaso mafi girma na kuɗin gyara daga waccan ƙungiyar 'yan gari yake fitowa, gwamnati da coci su cika sauran. Mahaƙar Drachenfels an daɗe da rufe ta, saboda haka in ana neman dutse mai kama da na farko sai a tafi Montemerlo a Italiya.

Mutanen Kolon suna da wata magana: ranar da aka gama majami'a, ranar duniya za ta tashi. Da wuya ka je ka tarar babu ƙarafan hawa a wani kusurwa. Masu ɗaukar hoto na ƙorafi, ni kuwa ganinsu ne ke kwantar min da hankali, domin yana nufin akwai wanda ya hau ya duba. Ko ƙararrawarsu babba, mai nauyin tan 24 da aka zuba a 1923, ƙarfen da ke buga ta daga ciki ya tsinke ya faɗi ranar 6 ga Janairu 2011, aka ƙera mata sabo. UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan tarihin duniya a 1996, a 2020 kuma ta karrama tsarin ma'aikatun magina irin wannan, wato hannun da ke aikin, ba dutsen kaɗai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne almajirin da ke shiga wurin yana matashi. Zai yi makonni yana sassaƙa ganye ɗaya na dutse, a ɗaga shi a kafa a can sama inda daga ƙasa ba mai iya bambance shi da na kusa da shi, a ɗauki tsohon da ya cire a ajiye a rumbu da lambarsa.

Ina ganin shugaban zama yana nuna min agogo. 'Yar'uwa a layi na uku, na ga hannunki tun ɗazu, mu fara da ke.