Siminti ya bushe a jikin gilashi mai wanke kansa, ya za'ayi a cire?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau magana ce akan gilashin taga, irin wanda ake cewa yana wanke kansa, wanda wasu masu sabon gini anan Gombe suka fara sawa a manyan tagogi da gaban shaguna. Matsalar kullum daya ce, an riga an kafa gilashi kafin birkila ya gama filasta, siminti ya fantsama ya bushe, sai kaga yaro lebura ya dauko reza zai kankare. Dan Allah kar ka bari ya taba.

Bari in fada muku dalili. Wannan gilashin a fuskarsa ta waje akwai wani shafe na sinadarin titanium dioxide da ake manna masa tun a masana'anta lokacin yana da zafi. Kamfanin Pilkington na Ingila ne ya fito da nasa a 2001 mai suna Activ, Saint-Gobain na Faransa suna da Bioclean. Kaurin shafen wajen nanomita 15 ne, silin gashin kanka daya ya fishi kauri sau dubbai, ido baya ganinsa. Aikinsa kashi biyu ne, hasken rana in ya sauka akai sai ya ruguza datti irin kashin tsuntsu da maiko da hayaki, sannan in ruwa ya zubo baya tsayawa digo digo, shimfiduwa yake ya wanke komai ya sauka. Toh amma siminti ba irin wannan dattin bane, dutse ne aka kona aka nika, mu da muke da Ashaka a jiharmu ai ba sai an mana bayani ba. Ko shekara zaiyi rana na dukansa bazai motsa ba.

Kuma abinda mutane basu lura dashi ba, ba simintin kadai bane a wajen, akwai yashi a ciki, kuma yashi yafi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu yashi yana kan 7, gilashi kuwa biyar da rabi ne ko kusa da haka. Kenan duk lokacin da ka goga tsumma busasshe ko ka tura reza, kwayar yashin nan ce kake ja akan shafen tana zana masa layi, kuma in ya karce shikenan, babu mai sake shafa maka a Gombe ko a Legas, sai dai canjin gilashi gaba daya.

Toh ya akeyi? Ruwa ne farko, ruwa mai yawa. Ka fara da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin yayi sanyi, dan in ranar Gombe ta gasa shi duk abinda ka zuba nan take zai bushe ya bar maka tabo. Ka sa tiyo ka wanke kura daga sama zuwa kasa ba tare da hannunka ya taba ba. Sai ka jika tsumma mai laushi da ruwan dumi da dan sabulun wanke kwano, ka manna shi akan simintin ka barshi, yana shan iska kana kara jikawa. Kananan fantsin da basu dade ba yawanci anan suke saki da kansu.

Wanda yaki fita, sai ka koma ga ruwan khal, farin nan da ake saidawa a kanti, ka hada shi rabi da rabi da ruwa. Tsamin ne yake cin sinadarin kalsiyam din da ya rike simintin, sai kaga ya fara laushi yana zama gari gari. Amma kafin nan ka gwada a can lungun gilashin inda ido baya zuwa, kuma in kana da takardar kamfanin da yayi shi ka duba abinda suka yarda a sa, saboda garanti. Ka dora jikakken tsumman minti kadan, ka daga, ka dauraye da ruwa, ka sake. Hakuri ake, wani dunkulen sai anyi ta maimaitawa. In yayi laushi dagawa zakayi da yatsa ko gefen wata roba mai taushi, ruwa na zuba akai, kana dauke shi daga jikin gilashin ba jansa a kai ba, kuma tsumman da ya kwashi yashi kar ka maida shi sai ka wanke tas. Ka rufe firam din alminiyom da dakalin tagan da leda, musamman in mabul ne, tsami yana cinsa. Sannan wallahi kar wani ya hada ruwan khal da Hypo wai dan yafi karfi, iska mai guba yake fitarwa.

Akwai asid din da masu tayil suke wanke kasa dashi, nasan wani zaice ai shi yafi sauri. Eh yana cin siminti, amma yana cin alminiyom, yana kona hannu, kuma jarkar bata da rubutu baka san me aka zuba ba, wani irin asid din gilashin kansa yake narkarwa. Soson karfe, garin goge tukunya, toka, sanfefa, duk ka ajiye su can.

In ka gama sai kaga wani farin tabo kamar hazo ya rage, ka shafa kaji sumul amma baya fita, toh wannan ba siminti bane kuma. Danyen siminti yana da kaifi sosai, shine yake tsattsaga hannun leburori, in ya dade yana jikewa yana bushewa akan gilashi cin fuskar yake, kuma gogewa bazata gyara ba sai dai ta kara lalatawa. Shiyasa ni a ganina gilashi shine abu na karshe da ya kamata a kafa, in kuma dole an kafa, a rufe shi da leda a lika salatif din a jikin firam har birkila da mai fenti su tattara kayansu.

Wani abu kuma, ku gayawa mai alminiyom kar ya bari silikon, gam din nan da suke like gefen gilashi dashi, ya taba fuskar gilashin, ko na hannunsa ne, yana rufe shafen ruwa ya daina shimfiduwa. Bayan an wanke a bashi kamar sati daya yana shan rana kafin ya dawo aiki sosai. Lokacin hunturu kuma da babu ruwan sama, kurar nan bazata sauka da kanta ba, sai ka rika watsa masa ruwa da tiyo daga sama ka barshi ya bushe da kansa.