Sanƙarau Ba Ya Ƙirga Takardu

Assalamu alaikum, masu sauraro.

Bazara ta kama, zafi ya sauko, an kuma fara zullumin sanƙarau a ƙauyukan Arewa kamar kowace shekara. A daidai wannan lokaci, abin da ake ta ja-in-ja a kai a jami'o'inmu shi ne yadda za a auna masanin cututtuka masu yaɗuwa: takarda nawa ya wallafa, a wace mujallar ƙetare, mutum nawa suka ambaci sunansa. Abin da ban haushi, wallahi. Ko wani gari zai yi wannan lissafi, bai kamata a ji shi a Zariya ba.

A 1970 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya taɓa aiki a Ibadan, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekara goma a nan. A 1977 sanƙarau ya ɓarke a Zariya. Wanda ya taɓa ganin yaro da ciwon nan ba ya mantawa: jiki rau da zazzaɓi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ido ba ya son haske, wani kafin a iso asibiti ya fita hayyacinsa. Maganin da aka saba da shi allurar fenisilin ce, sau da yawa a rana, kwana da kwanaki. Ku gaya mini, wane malamin asibiti ne a ƙauye zai iya wannan, ga marasa lafiya kwance har tsakar gida? Greenwood da abokan aikinsa, ciki har da Dakta Sadiq Wali, suka gwada allurar kuloramfenikol mai maiƙo, wadda ke daɗewa a jiki, aka ga sau ɗaya tana wadatar da mafi yawan marasa lafiya. Sakamakon ya fito a 1979. Shekaru da dama da ita aka dogara duk lokacin annoba, daga Senegal har Habasha. A Zariya aka yi wannan gwaji.

A Zariya aka bi lissafin marasa lafiya shekara da shekaru, aka nuna yadda ciwon ke tashi da bushewar iska da ƙurar hunturu, ya yi ƙamari da zafi, ya lafa da saukar damina. A Zariya aka nuna cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar bai daɗe ba, jikinsa ba ya karɓar rigakafin sanƙarau yadda ya kamata. Kowane daga cikin waɗannan ya sauya abin da ma'aikacin lafiya yake yi da hannunsa.

Za a ce ai Bature ne, da kuɗin waje. Kuɗin waje sun shigo, ban musa ba. Amma marasa lafiyar namu ne, ma'aikatan jinyar namu ne, ɗakin gwajin na jami'armu ne. Wannan uzuri ya tsufa.

Kuma ciwon bai tafi ba. A 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Rigakafin MenAfriVac, da aka fara a 2010 ya iso mana a 2011, ya kusa shafe nau'in A na ƙwayar cutar. Sai nau'in C ya taso daga Zamfara a ƙarshen 2016, zuwa tsakiyar 2017 ya kashe sama da mutum 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Madalla. To wa zai gaya mana ko yana aiki a Giwa da Soba da Igabi? Sai an ɗebi ruwan ƙashin bayan yaro, an kai shi ɗakin gwaji kafin ya lalace, an gano nau'in ƙwayar, an rubuta, an sanar da hukuma cikin kwanaki. Aiki ne mai wahala, babu suna a cikinsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Matashin malamin da ya san ƙarin girmansa na rataye da yawan takardu, don me zai ɓata bazararsa a kan wannan?

Saboda haka kwamitocin ƙarin girma su ƙara tambaya ɗaya a fom ɗinsu: bincikenka wane magani ya sauya, wace annoba ya hango? Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu kuma ya ware kuɗin sa ido kan sanƙarau tun daga watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, a ba masanan da ke asibitin koyarwa na Shika da harabar jami'a ta Samaru mota da kayan gwaji su shiga ƙauyuka.