Takarda, Fensirin Kala da Tambayar "Me Za Ka Zama?"

Ku tara yaran gidanku a tsakar gida bayan la'asar, ko ku leƙa kowane ajin nazare, ku tambaye su: idan kun girma me za ku zama? Kafin ku rufe baki amsa ta iso. Likita. Soja. Matuƙin jirgi. Wani ya ce gwamna, a kwashe da dariya. Amma ku ƙirga. Yara goma, sana'o'in da suka ambata da ƙyar su wuce huɗu. Babu mai cewa likitan dabbobi, babu mai cewa injiniyan ruwa ko mai gwajin jini a asibiti, don kuwa ba su taɓa jin akwai su ba.

A da, yaro ba ya bukatar a yi masa bayanin sana'a. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, tun bai iya magana sosai ba an miƙa masa zuga-zugi. 'Yar mai ƙosai ta san lokacin da mai ya yi zafi tun kafin ta san ƙirga canji. Aiki a gaban idon yaro ake yin sa. Yau kuwa Abba ya fita da safe ya dawo da yamma, Umma ta tafi ofis ko asibiti, abin da yaro ya sani kawai shi ne "sun tafi aiki". Me ake yi a can? Oho.

Wannan rubutun kan wata hanya ce mai araha ta dawo da aiki gaban idon yaro: takarda mai zanen ma'aikaci, fensirin kala, da babban da zai zauna kusa da shi na minti 20.

Wani zai ce, ɗan shekara biyar ina ruwansa da zancen sana'a? To ga abin da masu bincike suka gano. A 1981 wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Linda Gottfredson, ta fitar da bayanin da masu ba ɗalibai shawara kan zaɓen aiki suke amfani da shi har yau. A ganinta, kafin yaro ya zaɓi sana'a, soke sana'o'i yake fara yi. Tsakanin shekara 6 zuwa 8 yake ware cewa wannan aikin maza ne, wancan na mata. Daga 9 zuwa 13 kuma ya fara auna wanne ne na masu daraja, wanne ya fi ƙarfin ɗan gida irin nasu. Abin da ya soke a wannan lokacin, da wuya ya sake waiwayarsa.

Abin sha'awa, da zane aka fi kama wannan hali a wajen yara. Wani mai bincike, David Chambers, ya sa yara 4,807, mafi yawansu a Amurka da Kanada, kowa ya zana masanin kimiyya, ya wallafa sakamakon a 1983. A cikin wannan taron duka, yara 28 ne kacal suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Northwestern suka tattara irin wannan gwajin har guda 78, suka tarar a shekarun baya-bayan nan masu zana mace sun kai kusan kashi 28 cikin ɗari. Yaran ba su canza halitta ba, abin da suke gani a littafi da talabijin ne ya canza. Sun kuma lura 'yan shekara 5 da 6 ba su cika nuna bambanci ba, sai an kai 7 zuwa 8 zanen maza yake fara rinjaye.

A 2018 ɗin dai, wata ƙungiya a Birtaniya mai suna Education and Employers ta sa yara wajen 20,000 daga ƙasashe 20, 'yan shekara 7 zuwa 11, su zana aikin da suke so su yi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sun ɗauko aikin ne daga wani da suka sani. Saura da yawa daga talabijin, fim da rediyo. Waɗanda suka ji labarin aikin daga bakin mai yin sa da ya ziyarci makarantarsu ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Ke nan hoton da kuka miƙa wa yaro ya shafa wa kala ba abin wasa ba ne kawai. To wane hoto?

Nan ne nake da ƙorafi. Idan kuka shiga intanet kuna neman zanen sana'o'i na yara, yawancin abin da za ku samu rayuwar Amurka da Turai ce. Ga mai raba wasiƙu yana bin gida-gida, ga ɗan sama jannati, ga mai gasa burodi da doguwar farar hula. Babu laifi yaro ya san su. Amma ranar da na ba 'yar ƙanwata zanen manomi, wani Bature ne a cikin wando mai igiya a kafaɗa, yana tsaye gaban jan rumbun katako. Ta shafa kalarta tsaf, na ce wane ne wannan? Ta ce, "Kawu, mai gadi ne." Kakanta manomi ne fa, kowace damina da ita ake kai abinci gona. Na duƙe tsohon ciniki, amma a takarda ba ta gane shi ba.

Saboda haka ku fara da waɗanda yaro ya sani. Tela da kekensa, mai faci a bakin titi, ungozoma, malamar Islamiyya, bakanike, mahauci, mai tuƙa Keke Napep. Ba sai kun iya zane ba. Ku nemi ɗan sakandare mai hannu a unguwa ya zana muku da baƙin biro mai kauri, ku kai shagon fotokwafi a buga muku ashirin. Daga nan sai ku riƙa jefa baƙo ɗaya a cikin kowane uku: mace mai tuƙa jirgin sama, namiji ma'aikacin jinya, mai girka sola a kan rufi, mai auna fili.

Akwai ma zanen sana'o'i a aljihunku, in har ƙananan kuɗin nan ba su ɓace muku ba. Ku juya naira 10, mata Fulani ne da ƙwaryar nono a kai. Bayan naira 50, masunta ne da kamunsu. Bayan naira 20 kuwa Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Ku ba yaro labarinta yana shafa kala a zanen tulu: a ƙauyen Kwali ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin, an baje kolin aikinta a Landan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Yarinyar da ta ji wannan, gobe in ta ga mai tallar tukwane da wani ido za ta kalle ta.

Na san akwai iyayen da ba sa son zanen mai rai a gidansu. Hanyar ba ta toshe ba, kai ni ma wani lokacin na fi son ta haka. Ku zana kayan aikin kawai. Masaba, awartaki da uwar maƙera a takarda ɗaya. Almakashi, zare da tef ɗin awo a wata. Abin da likita ke ratayawa a wuya yana sauraron bugun zuciya, da allura, da ma'aunin zafin jiki. Yaro ya shafa kala, sannan ku ce, kayan wa ke nan? Ya zama kacici-kacici. In a Kano kuke, ku zana ramukan marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ku miƙa masa shuɗin fensir, ku gaya masa yadda ake jiƙa baba da toka kafin a tsoma zane.

Yanzu ga inda aikin yake. Idan kuka ajiye wa yaro takarda kuka koma kan waya, kala kawai ya shafa. Ku zauna. Ku yi tambaya, amma ba irin ta jarrabawa ba. Wannan matar wa take taimakawa? Da babu ita a unguwarmu, me zai faru? Ƙarfe nawa kake ganin take tashi? Wa muka sani mai irin wannan aikin? Amsoshin za su ba ku dariya, kuma daga nan za ku ji abin da ya riga ya soke. Ranar da yaro ya ce "Umma, ai mace ba ta gyaran mota", kada ku yi masa faɗa. Ku ce, to bari mu duba, ku nemo masa hoton wadda take yi.

Wajen kayan aiki kada ku wahalar da aljihu. Kala takwas sun isa, ai akwatin farko na kamfanin fensirin kala na Crayola da aka sayar a 1903 ma kala takwas ne a ciki. Ɗan shekara 2 zuwa 3 da dunƙulen hannu yake riƙe fensir, ku ba shi mai kauri da zane babba, abu ɗaya a shafi. Daga shekara 4 yatsu uku sun fara kamawa, riƙon da zai yi rubutu da shi ke nan. Guntun kala da ya karye kada ku zubar, gajartarsa ce ke tilasta wa yaro riƙe shi da kan yatsu. Sai dai a sa ido, ƙananan suna kai shi baki.

Don Allah malamai, a rage "kar ka fita layi". Kuma in ya yi wa likita koriyar fuska da jar riga, ku ƙyale shi. Ku tambaye shi dalili, wataƙila akwai.

In takarda ta cika da kala, ku rubuta sunan sana'ar a ƙasa da Hausa da Turanci, shi kuma ya kwaikwayi harafin farko. Ranar Asabar ku ninke ta ku sa masa a aljihu, ku bi ta wajen mai sana'ar. Ku yi sallama, ku ce, "Baba, jikanka ne ya zana ka, ya zo ya ga aiki." In maƙeri ne, ku ja yaron gefe kaɗan daga wuta, ku bar shi ya tambayi sunan kowane ƙarfe da kansa.